Likkafanin Gwaggo

Shekarar da aka canza kuɗi, fam ya tafi naira ta zo, ita ce shekarar da na yi yawon gida-gida da buhu a ka kamar mai tallan daddawa. Ina koyar da matan aure yaƙi da jahilci a Gumel a lokacin. Da dattawan gari suka tashi neman gudummawa don a gina masaukin masu jinya a gefen asibiti, ni suka ɗora wa shiga wurin mata. Maza ba sa wuce zaure, ni kuwa ba gidan da ba na kutsawa, ga ni da baki.

Masaukin kam ana bukatarsa. Mutum zai kawo maras lafiya daga Gagarawa ko Maigatari, wani ma daga hayin iyaka, a ba majinyacin gado, mai jinya kuma ya nemi gindin darbejiya. Nan mata ke kafa murhu, nan suke shanya, nan suke salla. In hadari ya taso su kwashi tabarmi su raɓe a jikin bango. An tayar da ɗaki huɗu, biyu na maza biyu na mata, gini ya kai kan ƙofa, sai abu ya tsaya a rufi. Damina ta yi gardama a shekarar, gero bai yi ba, kowa rumbunsa yake leƙawa.

Abin da nake samu bai taka kara ya karya ba: kwanon gero, ƙwai uku, curin zare, tabarma. Wasu ko sallamata ba sa son amsawa. Wata tsohuwa ta faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa ita ba ta shimfiɗa wa ciwo tabarma, kuma in kula da kaina, mai yawon gina ɗakin jinya shi zai fara kwana a ciki. Na yi dariya a gabanta, amma maganar ta biyo ni har gida.

Da na gama da cikin gari sai na tafi Ɗanzomo wurin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan yaye. Ban je don ta ba da wani abu ba, na san ba ta da shi. So nake ta raka ni gidajen maƙwabta, don ana jin kunyarta. Ta raka ni, muka samo abin da muka samo. Bayan la'asar ta ce in turo ƙyaure, ta jawo adudunta daga ƙarƙashin gado.

Kaf danginmu mun san abin da ke ƙasan adudun nan. Likkafaninta ne, farin alawayyo da marigayi mijinta ya zo da shi daga Makka tun zamanin da ake tafiya ta ƙasa. Guda biyu ya wanko da zamzam, an riga an sa shi a nasa. Kowace shekara bayan sallar layya takan fito da nata ta shanya a inuwa, ta sake ninke shi da kanumfari saboda ƙwari. Ɗanta guda ɗaya, wanda nake ce wa Yaya, abokin wasana ne, ba ma haɗuwa ba mu yi wa juna tsiya ba. Uwar ma bai ƙyale ta ba, yakan ce ta fi amarya ɗokin lefe. Amma na sha jin sa yana faɗa wa baƙi cewa da ƙyallen da ubansa ya ɗauko a kafaɗa za a rufe ta.

Ta ɗora mini shi a cinya, ta ce a sayar a sa a rufin.

"Gwaggo, wannan ai ba na bayarwa ba ne."

"Wata biyu na yi a gindin darbejiyar asibitin can ina jinyar baban Yayanki," in ji ta. "Sau huɗu ruwa yana duka na. In na mutu kuwa ba zan ji sanyi ba. Ɗauki."

Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, balle ɗanta, wai kada surutu ya cinye mata lada. Na karɓa. Na daɗe ina cewa don ta matsa mini ne, amma gaskiya har da son a ce abin da na tattaro wurin mata ya fi na maza. Wannan halin nawa ya sha ja mini.

Maigidana direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Gumel da Maigatari. Da na warware masa ƙunshin sai ya ja da baya, ya ce a Gumel ba mai sayen likkafanin wadda ke da rai, sai dai ya gwada a kasuwar Alhamis ta Maigatari inda ba a san mu ba. Bai yarda ya sa shi a gaban mota ba, can saman kaya ya ɗaure shi. Wani mutumin Damagaram ya shinshina, ya ji labarin zamzam, ya saya bai yi ciniki ba. Dattawa suka ce kuɗin ya isa fallen kwano biyu, aka haɗa da sauran aka jingine a ɗakin ajiya.

Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. In aka yi sallama aka ce daga Ɗanzomo ne, sai gabana ya faɗi kafin in ji da me aka zo. Bayan layya Yaya ya biyo ta gidana, yana cin tuwo yana kushe miyata kamar yadda ya saba, sai ya ce wai bana tsohuwa ba ta shanya lefenta ba, ta ce bayanta ke ciwo. Ya yi dariya, ni ma na yi irin wadda zan iya.

Da bazara aka buga rufi. Ko farar ƙasa ba a shafa ba aka kawo Gwaggo asibiti, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Ni na zo jinya, kuma ni ce ta uku da ta shimfiɗa tabarma a ɗakin mata. Kwanon yana ta ƙas-ƙas in rana ta take, ina kwance ina kallon sa. Alhamis biyu maigidana yana zagaya rumfunan Maigatari yana cigiyar mutumin nan, ba wanda ya san shi. Na durƙusa a bakin gadonta na roƙe ta ta bar ni in faɗa wa Yaya tun tana iya sa baki. Ta girgiza kai, ta juya fuska bango.

Ranar kwana na sha shida, da hantsi, ta cika. A motar maigidana muka kai ta gida. Mata sun cika tsakar gida, an ɗora ruwan wanka, Yaya ya shiga ɗakin ya fito da adudun da kansa. Ya cire zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙasa, ya sake farowa daga sama. Sannan ya kife adudun, kanumfari ya zubo a tabarma.

Na ga inda idanun mata suka nufa. Matarsa suke kallo, ita ke share wa Gwaggo ɗaki. Baiwar Allah ta fara rantsuwa tun ba a tambaye ta ba. Nan na karya alkawarin. Na faɗi komai a gaban kowa, har da kasuwar Alhamis da mutumin Damagaram. Na so Yaya ya zage ni ko ya ɗaga hannu, da na ji sauƙi. Sai ya sa takalmansa ya tafi wurin mai tebur ya yanko farin yadi, da shi aka rufe ta kafin la'asar.

Bai sake yi mini tsiya ba, har ya bar duniya gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Sau ɗaya ya neme ni, bayan sadakar arba'in. Ya tsaya a zaure bai shigo ba, ya ce in fito in raka shi. Muka taka har masaukin, yana gaba ina baya. Hadari ya haɗu ta gabas, wasu matan Fulani suna kwashe ƙoransu suna shigewa ɗaki. Ya ɗaga kai yana bin rufin da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Wanne ne nata?"

Ban sani ba. Magina ma ba su sani ba, duk iri ɗaya ne. Na ɗaga hannu na nuna masa guda biyu da ke saman ƙofar ɗakin mata. Ya matsa kusa, ya tsaya yana kallon su har aka fara yayyafi, ni kuma ina bayansa ina jira kada ya sake tambaya ta.