Jaririn da Aka Sa wa Sunan Mota

Ƙamshin tattasai da ake soyawa a manja ne ya cika matattakalar gidanmu na unguwar Al Muraqqabat a Dubai ran nan, har ya danne turaren wutar matar Yayana. Maƙwabciyarmu, Bayarbiya haifaffiyar Sabon Garin Kano, ta haihu. Washegari suna, ƙawayenta sun zo girki.

Tun da na zo Dubai karatu nake liƙe mata saboda sunaye. Na lura Yarabawa kan naɗe magana guda su ba yaro ya yi ta yawo da ita a duniya. Ita ta gaya mini Ayo farin ciki ne, Yetunde kuwa uwa ce ta dawo. Nakan yi ta juya su a baki cikin jirgin ƙasa kamar mai tsotsar alewa. Don haka da zumuɗi na shiga.

"Anti, wane suna aka zaɓa?"

"Na yanka babansa ya zaɓa. Wanda za a dinga kira nawa ne: Tokumbo."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Yayana motoci yake lodawa a kwantena zuwa gida, kuma a bakinsa tokumbo mota ce da wani ya gaji da hawa ya sayar.

"Haba Anti! Sabo ne fa fil, ko ledarsa ba a cire ba."

"Ai shi ya sa, ƙanwata. Duba tayoyin," ta ɗaga 'yar ƙafarsa. "Ba su taɓa taka ƙasa ba."

Ƙawayenta suka kwashe da dariya, har mai juya miya ta saki ludayi. Ni kuwa ina hango shi ya shiga makaranta, yara na bin sa suna pim-pim. Na roƙe ta ta sa Ayo.

"Ayo? Ki kira Ayo a gidanmu, rabin tsakar gida ne zai waiwayo."

Na koma wajen Yaya neman agaji. Bai ko ɗago daga wayarsa ba.

"Khalas, ya isa, ki bar mutane da ɗansu. Ki dai tambayar mini ko an biya masa kwastan."

Aka yi suna, aka ci shinkafa, sunan ya zauna daram. Abin da na iya kawai, duk sanda aka ba ni shi, sai in kai bakina kunnensa in ce, "Ayo, yi haƙuri." Anti na ji, tana murmushi, ba ta taɓa yi mini bayani ba har suka tashi zuwa unguwar Al Warsan.

Sai bayan shekaru, da na koma gida, wata dattijuwa Bayarbiya ta gaya mini ma'anarsa: wanda ya zo daga ƙetaren teku. 'Ya'yan da aka haifa a ƙasar waje ake sa wa, tun kafin a fara shigo da motocin. Motoci ne suka ari sunan yara.