Akwatin Sitiyarin Mutumin Damagaram

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, baban su Habu. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne 'yata Rabi tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Tsofaffin direbobin Sharada da Challawa sun san shi da Malam Mai Sitiyari. Da wannan zan kira shi, don ban faɗi sunansa yana raye ba, ba kuwa a jarida zan fara ba.

Bakanike ne, amma abu ɗaya yake taɓawa a jikin mota, wato akwatin ƙarfen nan da ke ƙasan sitiyari, mai shan jan mai, wanda yake sa direba ya juya gingimari da hannu ɗaya. In ya fara yoyo, ko sitiyari ya fara wasa, sai a kawo wa Malam. Garejinsa a Sharada yake, amma wanda ya ba shi wuya gida yake kawowa, nan Panshekara. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya wargaza shi, ya wanke da kalanzir a tsohon kwanona. Akwai ƙananan 'ya'yan boris a ciki, wasu masu haske wasu masu duhu. Ya ce a jere suke shiga, mai haske sai mai duhu, kuma in ɗaya ya ɓace aikin ya tsaya. Ni ce mai gadin kaji da yara. Mun yi faɗa a kan kwanon nan fiye da yadda muka yi a kan komai.

Saura kaɗan ya kwanta ciwon ajali, wani direba ya kawo fatu majemar Challawa, motarsa ta zubar da mai a ƙofar kamfanin. Malam ya cire akwatin, ya ɗaura masa wani nasa na aro don ya samu ya koma gida, a kan in ya dawo da lodi na gaba za a mayar masa da nasa a gyare. Ranar ya zo da direban gida suka ci tuwo a zaure. Na hango shi ta labule lokacin da na miƙa ruwa. Dogo ne, siriri, yana da butar shayi a jaka, kuma ƙaramin yatsansa na hagu guntu ne. Da ya tafi na ce, "Wane ne baƙon?" Malam ya ce, "Mutumin Damagaram." Na ce, "Ba shi da suna?" Ya ce sun gaisa, sun yi salla sahu ɗaya, sun sa hannu a kwano ɗaya, da wane ido zai dube shi bayan wannan ya ce masa yaya sunanka? Haka mazan wancan lokaci suke. Da sunan gari ake kiran mutum, a yi shekaru ana hulɗa.

Malam ya wargaza akwatin ya zuba a buhu, ya sayo sababbin robobin da ke tare mai, sai ciwo ya kayar da shi. Ina ba shi koko a asibiti ya ce da ni, "Kayan da ke cikin buhu na mutumin Damagaram ne. Kada a sa a gado." Bai ƙara magana a kai ba.

A wurin jana'iza an yi shela kamar yadda aka saba, duk mai wani haƙƙi a wuyan mamaci ya zo. Masu zuwa suka zo, aka sallame su. Shi bai zo ba. Aka yi arba'in, aka raba gado, buhu yana ƙarƙashin gadona. Na aika Habu majemar ya tambaya, aka ce direbobin fata daga can da yawa suke, wanne? Bayan wasu shekaru majemar ma ta rufe.

Tun daga nan kaina ya ɗaure, har yau bai gama warwarewa ba. Limamin unguwarmu ya ce in sayar in yi sadaka da niyyar mai kaya. Wani malami a Dorayi, ɗan'uwan mijin Rabi, ya ce amana ba ta tsufa, in ajiye har mai ita ko magadansa su zo. Habu kuwa ya ce, "Inna, namu fa yana hannunsa. Ya tafi da ɗaya ya bar ɗaya, ai an yi canjaras." Na ce aro daban, musaya daban, kuma ubanka bai ce musaya ba. Duk wanda na saurara sai in ga kamar shi ne da gaskiya, in na koma ɗaki na ga bakin buhun sai in rasa ta wa zan bi. Abin da na sani, an ce mamaci ba ya samun sakewa muddin haƙƙin wani na rataye da shi. Mutumin da ya yi shekara arba'in bai riƙe wa kowa ko noti ba, a ce tsohon ƙarfe ne zai tsare shi?

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kamfanonin da ke aiko masa da motoci, da yawa sun zama sito, wasu ciyawa ta cinye ƙofarsu. Habu ya gaji garejin, yana kuma samun na tuwo, alhamdu lillahi. Amma ya ce motocin yanzu sitiyarinsu na lantarki ne, babu mai, babu yoyo. Yana soka musu waya, kwamfuta ta faɗa masa ciwon. In abu ya mutu a cire a jefar, a sayo na gwanjo a ɗaura. Ban ce laifi ba ne. Ban dai gane ba ne, ko gyara ake yi yanzu ko sauyi. Ina jin da Malam zai tsaya ya yi ta kallon wayar nan, ya ce to ina wurin sa hannu?

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da ni wata biyu, na ga cewa in na bi Malam, 'yan gwangwan ne za su auna buhun a sikeli. Da na tashi na sa aka kira mini Ɗanlami, wanda ya koyi aiki a hannun Malam, yanzu shi ma da furfurarsa da garejinsa a Bompai. Na ce ya haɗa akwatin. Alƙawarin gyara aka yi wa mai shi, ba na tarkace a buhu ba.

Ya zazzage a tsakar gida yana dariya. "Inna, wannan ai ya girmi amaryata."

"Ba tarihin aurenka na tambaye ka ba. Zai haɗu?"

"In ba ku bar kaji sun haɗiye boris ba."

Ba su haɗiye ba. Robobin da Malam ya saya ne suka bushe, ya nemo wasu. Ya goge tsatsa, ya shafa mai, ya jera 'ya'yan boris ɗin ɗaya bayan ɗaya, ina zaune a kansa. Da ya rufe na ce alhamdu lillahi, an gama. Sai ya girgiza kai. Ya nuna mini wani sukuru a saman akwatin, da noti a wuyansa. Ya ce wannan ne saitin. In an ɗaure da yawa, mota ta sha kwana sitiyari ya ƙi dawowa. In an sassauta da yawa, ta riƙa yawo a titi direba yana binta. Malam bai taɓa cewa ya gama akwati a ƙasa ba, sai an ɗaura a mota, an ɗaga gabanta, wani yana juya sitiyari shi yana ji a hannunsa. Wato na jira shekara goma don a gama aikin da ba ya gamuwa sai da motar mutumin da ban san sunansa ba.

Ɗanlami ne ya kawo shawara. Akwai wani Malam Iro mai tankar ruwa a unguwarmu, motarsa tsohuwa ce irin ta mutumin Damagaram, akwatinsa yana shan mai kullum kuma ba shi da halin sayen wani. Ya ce a ɗaura masa, ladan ya je wa mai kaya. Na yi mako ina juyawa, sannan na ce a kira Iro. Na ce ba kyauta ba ce, ba sayarwa ba ce. Ajiya ce. Ranar da mai shi ya zo, ko ɗansa, ko jikansa, za ka tsaya a kwance a ba shi, ko da ruwa cike a bayanka. Ya ce ya ji ya yarda. Na sa ya maimaita a gaban liman.

Na je na ga ɗaurawar, karo na farko da na taka gareji a rayuwata. Iro yana sama yana juya sitiyari dama da hagu, jan mai yana kumfa har ya kwanta. Ɗanlami yana ƙasa da sifana, ya murɗa kaɗan ya tsaya, ya mayar baya kaɗan. Ya karkatar da kai gefe, ya runtse ido ɗaya, ya ɗan fito da harshe. Sai na juya baya na gyara mayafina, don haka Malam yake yi, kuma na tabbata Ɗanlami bai san yana yi ba.

To ga inda nake. Liman ya ce na sauke. Malamin Dorayi ya ce na ba da aron abin da ba nawa ba. Ni ban sani ba ko sauke wa Malam nauyi na yi, ko ɗauka na yi na ɗora wa Iro. Garejin Malam ya koma wani abu daban, kayan aikinsa an raba, kamfanonin sun rufe. Abin da na ga ya saura shi ne hannunsa a jikin Ɗanlami, da maganar nan guda da ya bar mini a asibiti, wadda ta sa tsohuwa ta zo jarida.

Saboda haka duk wanda ya karanta, in kana da hanya da Damagaram, ka yi don Allah ka tambaya. Dogon direban fata, mai guntun yatsa a hagu. In yana raye, ko ya bar baya, a ce musu kayansu suna nan Panshekara a gyare, su nemi gidan Malam Mai Sitiyari. Wanda Malam ya ara masa kuwa, ni da 'ya'yana mun yafe, kada shi ya hana su zuwa.