Da Na San Mahaifiyarka Ce

Kullum kafin ya fito daga mota sai ya karkato madubin gaba ya duba haƙoransa. Ya yi murmushi, ya rufe baki, ya sake yi, kamar mai gwada makulli a ƙofar da ba tasa ba. Sannan ya fesa turare, ya ɗauki jakar fata, ya nufi cikin asibiti. Ma'aikatan jinya suka laƙaba masa Ɗan Kwalisa, sunan ya bi shi har ya cinye na yanka.

Tallan magani yake yi, amma ba irin na masu lasifika a bakin kasuwa ba. Shi kasuwarsa ofishin likita ce. Ɗan tela ne. Ubansa ya ƙarar da idanunsa a kafar allura don yaro ya karanta haɗa magunguna, ya rasu yana zaton ya bar wa duniya mai warkarwa. Kamfani ya ɗauki yaron, ya ba shi mota da jaka, ya koya masa abin da ba a koyarwa a aji: wane likita ne ke son agogo, wane ne matarsa ke mafarkin hawa jirgi, wane ne sai an kira shi farfesa tukuna hannunsa yake sakewa.

Ba ya bin layi. Marasa lafiya na jere a benci tun safe, katinsu ya jiƙe da gumi a hannu, shi kuwa sai ya ratsa su da ƙamshinsa, ya ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya, ya shige. Harara ba ta taɓa ɓata masa guga ba.

Bana kamfanin ya fito da sabuwar ƙwayar ciwon gaɓoɓi. Aka yi bikinta a otal, jami'in hukumar kula da magunguna yana teburin gaba yana tafi da hannu mai maiƙo. Da aka ware wakilai aka rufe ƙofa, sai aka faɗa musu ƙwayar tana taɓa ƙodar tsofaffi, musamman masu hawan jini. Aka ce, kada ku ta da maganar. In an tambaye ku, ku ce ana kan bincike, ku miƙa kyautar biro. Ɗan Kwalisa ya yi ta miƙa biro har aka rataya hotonsa a hedkwata.

Yau murmushin ya ƙi zama. Da safe ya biya gida gaida Inna, ya tarar ƙafafunta sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga, fitsari ya ɗauke mata. A kan taga, gefen carbinta, ga kwalin sabuwar ƙwayar nan, wanda yake kwana yana tashi da shi.

"Yaya, wa ya ba ta wannan?" ya tambayi yayarsa.

"Likitanka mana, wanda kake cika mana kunne da shi. Ba kai ka ce duk garin babu kamarsa ba? Da kana da lokacinmu ai da kai ka kai ta."

Shi ya sa ya shiga ofishin likitan ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Agogon bango na kamfaninsu ne, kalanda tasu ce, har kofin da likitan ke kurɓar shayi da shi.

"A'a, Kwalisa!" in ji likitan. "Ina tikitinmu? Madam ta hana ni sakat."

"Likita, akwai tsohuwar da ka gani watan jiya. Ciwon gwiwa da hawan jini. Ka ɗora ta a kan sabuwar ƙwaya."

"Tsofaffi nawa nake gani? Duk a kanta nake ɗora su. Ba haka muka yi ba?"

"Mahaifiyata ce."

Likitan ya ajiye kofin. Ba tausayi ne ya zo fuskarsa ba, haushi ne, irin na wanda aka sa ya ji kunya a cikin gidansa.

"Haba, kai ma dai! Ka turo mahaifiyarka ko waya ba ka yi mini ba? Ta bi layi kamar kowa, ta zauna, ba ta ce uffan ba. Da na san mahaifiyarka ce, ai tsohon maganin zan rubuta mata."

"Ashe ka sani."

"Kai ba ka sani ba? Kada ka shigo mini nan da fuskar waliyyai. Ni a mujalla na tsinta, kai a kunne aka raɗa maka."

"Kai ne likita! Kai ka yi rantsuwa!"

"Kai kuma me ka karanta, ɗinki?"

Maganar ta sauka inda aka aike ta. Likitan ya jawo takarda ya fara rubutu, bai ɗago ba.

"A daina ba ta yanzu. A kawo ta yau, a auna jini. Gado babu, amma zan sa a nemo."

"Za ta tashi?"

"Ƙoda ba ta yi wa kowa alkawari. In an dace ta farfaɗo. In ba a dace ba, sai wankin ƙoda a inji." Ya miƙo takardar, amma bai sake ta ba. "Samfurin da ka bar mini ya ƙare. Ka zo da wani?"

Yawu ya taru a bakin Ɗan Kwalisa, ya san kuma inda ya dace ya zubar da shi. Sai dai gadon Inna yana tsakanin yatsun nan biyu da suka danne takardar. Ya haɗiye. Ya zuge jaka, ya fito da kwalayen, ya jera su a teburin. Yatsun suka saki.

A bakin ƙofa ma'aikaciyar jinya tana shigo da wata tsohuwa mai dogara sanda, tana cewa, "Sannu Baba, a hankali." Ya matsa mata ta wuce. Bai yarda ya dubi ƙafafunta ba, ya fita.