Ranar da Malam Sabo Odita ya sa aka goge sunansa

Ku da kuka san Malam Sabo Odita kun san ba ya wuce kwaɗo bai ja shi ba. Daga ƙofar gidansa a Gyaɗi-Gyaɗi har kasuwar Tarauni, duk shagon da ya gani a rufe sai ya tsaya ya girgiza kwaɗonsa. Wata safiya 'yan sintiri suka yi ram da shi a ƙofar wani kemis.

"Baba, me kake yi da kwaɗon mutane?"

"Aikinku nake yi muku. Wannan a buɗe ya kwana. Kuna ina?"

Wallahi su suka ɓige da ba shi haƙuri!

Ni a banki na san shi, na yi shekaru a ƙarƙashinsa. Muna da wata tsohuwar babbar kwamfuta mai riƙe da asusun kowa. A cikinta akwai ma'ajiyar umarnin da take bi kullum, ta biya albashi, ta rufe lissafin yini. Laburare muke ce mata. Wanda ya samu damar canza layi ɗaya a ciki, sai ya karkatar da albashin ma'aikatan asibiti guda ba wanda ya ankara. Aikin Malam na odita, wato mai bin diddigi, shi ne binciken wa ke da izinin karantawa, wa ke da izinin taɓawa. Abin da ya fi tsana a duniya kuwa shi ne mutum ya bar aiki amma sunansa na nan da izini. Ya ce da irin wannan sunan ɓarawo ke shiga, laifi ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Da aka kawo mana sabon manaja, sai ya ce a buɗe masa laburaren duka, ai shi ne babba.

"Ranka ya daɗe, gyara za ka yi a ciki?" in ji Malam.

"A'a, amma ya kamata a ce ina da shi."

"To ai gwamna ma ba ya yawo da makullin gidan yari a aljihu."

Ni dai sunkuyar da kai na yi, dariya na neman tona min asiri.

Rigimar ba ta tsaya a ofis ba. Ya je gida ya kafa wa matarsa, Hajiya Ladi, doka: sito ba ya buɗuwa sai da mutum biyu, kamar yadda a banki mai rubuta gyara ba shi ke saka shi ba. Hajiya ta ce ta ji ta gani. Ba a jima ba kilishi ya fara raguwa. Ta yi nata binciken, ta samu yajinsa a aljihun rigar Malam, ta karɓe makullinsa a gaban jikoki. Washegari ya zo ofis ya same ni yana washe baki.

"Binta, an kama ni! Kin ga tsarin yana aiki ke nan."

Kai, Baba!

Bayan ya yi ritaya ciwo ya kwantar da shi a asibitin koyarwa. Na je dubiya na tarar Hajiya na fama da shi ya sha kunu. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya jefo tambaya.

"An cire ni daga laburare?"

Na ce, "Baba, manaja ya ce a bar sunanka, karramawa ce."

Sai ya ture kofin. "Karramawa? In mutu, wani ya shiga da sunana ya yi ta'asa, a ce Sabo ne, ba ni da bakin kare kaina? Ba zan sha ba sai an goge."

Hajiya ta ce, "Ke dai taimaka min, 'yar nan. Kin san halinsa."

Na hau adaidaita sai ofis. Na faɗa wa manaja ran mutum na hannunsa, ya sa hannu yana girgiza kai. Na rubuta umarnin, abokin aikina ya saka, don na san Malam zai tambaya. Ban taɓa jin nauyin aiki irin wannan ba, don mai wannan sunan shi ya koya min komai. Na bugo sunayen masu izini a takarda na koma.

Ya maƙala tabarau, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ya sake komawa sama.

"Ke kaɗai kika yi?"

"Mu biyu ne, Baba."

Ya kwashe da dariya har da tari. "Alhamdu lillahi, babu ni! Hajiya, miƙo kunun nan."

Ya shanye tas, har yana ƙorafin sukari ya yi kaɗan. Na taya su dariya, na fito baranda na yi kukana. Satin bai ƙare ba aka raka shi makwancinsa.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ka tsare amanar mutanen da ba su ma san sunanka ba. Allah Ya yi maka hisabi mai sauƙi, Ya ba Hajiya haƙurin rashinka.