Bangon da Muka Shafe da Siminti

Wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da na cika goma sha ɗaya, can wajen ƙarshen shekarun 1990. Na dawo daga lakwal, makarantarmu ta boko, na tarar da Kaka zaune a zauren gidanmu na unguwar Ridina, riƙe da wata takarda mai hatimi, tana jujjuya ta kamar za ta ji ƙanshinta. Ba ta iya Faransanci ba, ni ce idonta. Na karanta mata cewa ranar Litinin ma'aikatan gwamnati za su zo duba gidan, ko za a sa shi cikin gine-ginen tarihi, waɗanda ba a yarda kowa ya rushe ba. Sai ta ce in maimaita mata wurin "ba a yarda" ɗin.

Mu biyu ne kawai a gidan. Iyayena suna can Damagaram wajen fatauci, kawunnena kuwa sun koma sabuwar unguwar Gassi, kullum maganarsu a sayar da wannan tsohon gidan ƙasa, Kaka ta bi su. Yaran unguwa Larabci suke wasa da shi, ni kuma bakina ya fi sabawa da Hausar Kaka, don haka ƴar carafke ma ni kaɗai nake yi a tsakar gida, bayan na ɗebo ruwan famfo na ba akuya dusa. Na sha kaɗaici ƙwarai a gidan nan. Idan abin ya ishe ni, zaure nake shiga in yi hira da bango.

Bangon ba kamar na kowa ba ne. A zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa, zauren masaukin alhazai ne. Duk wanda zai kama hanyar gabas sai ya jiƙa ƙasa ya manna a bango, ya danna tafin hannunsa, ya rubuta garinsu da ajami. Idan Allah ya dawo da shi, ya danna na biyu a gefe. Tafuka sun cika bangon har sama, masu abokan zama da waɗanda suke su kaɗai. Na kakana Malam, mijin Kaka, yana cikin na su kaɗai. Duk shekara idan muna yaɓe, Kaka takan ce, "Bi a hankali, ƴar nan, akwai mutane a wurin."

Amma a wannan karon ta tsaya ta ƙare wa zauren kallo, ta ga tsaga, ta ga inda ruwa ya zaizaye, kunya ta kama ta. A ganinta manya ba za su karɓi gida mai kama da kango ba, kuma a gidanmu ba a tarbar baƙo da ƙazanta. Ta aika aka kira magini da buhunan siminti. Na ce, "Kaka, har na Malam?" Ta ce, "Shi ya tafi. Gidan nake so ya tsaya." Kwana uku muka yi, ina miƙa kwaɓi, magini yana shafewa. Ranar Lahadi na bi bangon da farin fenti, ina ta alfahari.

Ranar Litinin su uku suka zo, da na'urar ɗaukar hoto. Kaka ta sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dafa shayi. Wata mata mai tabarau ta gaishe ta da Larabci cikin ladabi, ta waiwaya ta ce, "Hajja, ina bangon tafukan? Shi aka ba mu labari, shi muka zo gani." Ni na fara gane ɓarnar da muka yi. Kaka ta ɗaga hannu ta nuna mata farin bango. Matar ta sa aka ɗan fasa gefe ɗaya, simintin ya ɓallo da tsohuwar ƙasar gaba ɗaya, ta zube gari. Sun sha shayin, sun yi godiya, ba su ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Ba a sake aiko takarda ba. Kafin wata damina kawunnena sun sayar da gidan, muka koma Gassi, inda Kaka take wuni a bakin ƙofa ba mai ce mata sannu da Hausa. Ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba har ta rasu.

Yanzu bene ne a wurin, ƙasansa shagunan waya. Idan na ji a rediyo gwamnati ta karɓi wani tsohon gini ta ce kada a taɓa, nakan yi wa masu shi murna, amma kewa ba ta barina in saurara har ƙarshe. Namu mu muka shafe shi, kuma don mu girmama baƙi muka yi.