Ranar da Na Kori Gwanina Daga Goman Farko

Shekara uku ina kare mutumin nan a Samaru, ban taɓa ganin wasansa ba ko na minti ɗaya. Gidanmu ba dish na kallon tashoshin waje, shi kuma ya riga ya yi ritaya daga ƙwallon kwando. Duk ilimina daga tsofaffin mujallun da ake shimfiɗawa a bakin titi a PZ na samo shi. Amma in aka zauna a gefen fili ana jera gwanayen duniya, muryata ce a sama: shi ne na ɗaya, sauran su bi layi. Har Farfesa ake ce mini, ina amsawa ba kunya.

Akwai wata yarinya 'yar Basawa, kyaftin ɗin 'yan matan filinmu. Ina sonta kamar in mutu, kuma bakin nan nawa kaɗai nake da shi na burge ta, don ni ko jifa ban iya ba. Wata Asabar ta ce in zo gidansu da la'asar, yayanta ya samo kaset ɗin tsohon wasan gwanina. Na ce mata ai wasannin nan na haddace su.

Falo cike da yayyenta da abokansu. Kaset ɗin an kwafa an sake kwafa, hoton dishi-dishi, rabin 'yan wasan kansu ƙwal. Na baza ido ina neman lambar rigar da duniya ta san shi da ita. Babu! Na ce a raina yana benci, bari in cika wurin da surutu kafin ya shigo.

Akwai wani mai wata lamba daban da ya yi ta jifa yana ɓararwa. Na samu nama.

"Kai, ku dubi wannan marowacin! Ba ya ba kowa ƙwallo. Wallahi ko goman farko ba zan sa shi ba. Wa ya ɗauko shi?"

Wani ya toshe baki da filo. Ni kuwa na ƙara wuta, har da cewa a Samaru ma benci zai zauna.

Ta tashi ta tsayar da kaset ɗin.

"Farfesa, wanda ka kora ɗin, shi ne. A shekarar da aka buga wasan nan ya canja lamba."

Dariya ta ɓarke, yayanta har da faɗowa daga kujera. Kunya ta rufe ni, haushi kuma ya biyo baya. Na ce ai laifin hoton ne, ba wanda ya saurare ni.

A bakin ƙofa na tattaro sauran ƙarfina na ce mata tsautsayi ne kawai.

Ta ce, "Kaset uku yaya ya kawo. Ni na zaɓi wannan."

Ba ta raka ni bakin titi ba.