Abin Da Ya Faɗa Mini Da Hausa A Bakin Fili

Edita, sallama irin ta addinin Musulunci. Ni likita ne, ɗan Arewa, kuma a shekarar 2007 ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Doha. Shekaruna talatin da huɗu a lokacin, ina ji da kaina, ba zan ɓoye ba. Babban ciwona shi ne son a yaba mini, musamman idan Bature ne ya yi yabon. Wani abokin aikina, mutumin Afirka ta Kudu, shi ya ja ni wata ƙungiyar baƙi masu wasan zari-ruga, ya ce suna neman likitan da zai riƙa tsaya musu a bakin fili ranar Juma'a da la'asar. Ban san kan wasan ba balle gindinsa. Ranar farko da na ga ƙarti takwas-takwas sun sunkuya sun haɗa kafaɗa suna turereniya a kan ƙwallo mai siffar gwanda, na ce a raina wannan ai kokawa ce aka sa mata alƙali da usur. Amma ana kirana likitan ƙungiya, an ɗinka mini riga mai tambari, shi ke nan na zauna.

Ni da kaina na kawo musu wanda wannan wasiƙa take kansa. A masallaci muka haɗu a unguwar Fereej Abdel Aziz, inda yake zaune su shida a ɗaki ɗaya. Bahaushen Zango ne daga Kumasi, ƙato, baƙi, mai yawan dariya, yana tuƙa injin nan mai dogon wuya da ke ɗaga kaya sama a wuraren gine-ginen Lusail. Yaya Likita yake ce mini, ni kuma ina tsokanarsa cewa Hausarsa ta sha ruwan teku. Ya ce ya taɓa kokawa a gida, na ce to ga inda ƙarfinsa zai yi rana. Cikin wata uku ya zama abin tsoro a fili. Duk ƙungiyar, ni da shi kaɗai ke jin Hausa, kuma Turancinsa na aiki ne kawai, don haka ni ne tafintansa.

Shekarar da ta gabata ƙungiyar ta ci kofin da ake bugawa tsakanin ƙungiyoyin baƙi irinta, saboda haka mu ke riƙe da shi. A 2007 ɗin ne kuma Ingila ta je kare kofin duniya, ta kai wasan ƙarshe, Afirka ta Kudu ta ƙwace. Kocinmu mutumin Ingila ne, abin ya tsaya masa a rai, kullum yana nanata mana cewa cin kofi wasa ne, riƙe shi ne aiki. Tsofaffin ƙungiyar kuwa ƙorafinsu ɗaya, wai tun da wasan ya zama sana'ar albashi ya canja, 'yan wasa sun koma kamar bijimai, kowa na ɗaga ƙarfe, ba a kauce wa mutum sai dai a bi ta kansa. Mu ma da muke yi don nishaɗi, abin da muke gani a talabijin muke kwaikwayo, alhali ba mu da likitoci da na'urorin da manyan suke da su. Ni kaɗai ne, da jakata da allurar ɗinki.

Akwai doka biyu da ya kamata mai karatu ya sani. A lokacin, ɗan wasan da aka tabbatar ya bugu a ka har ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, dole ya huta mako uku. Wanda kuwa jini ne kawai ya fito masa, ana iya fitar da shi a ɗinke, ya koma ya ci gaba. A wasan kusa da na ƙarshe, saura mako biyu a buga na ƙarshe, mutumina ya kai wa wani cafka, gwiwar wancan ta same shi a gefen kai. Ya faɗi, ya ɗan jima bai motsa ba, sannan ya miƙe yana tangaɗi, gira ta fashe. Na ja shi bakin fili na zaunar da shi. Na yi masa tambayoyin da ake yi, da Hausa. Na tambaye shi ina muke, ya ce Zango mana. Na tambaye shi yau wace rana ce, ya dube ni ya ce in gaya wa tsohuwarsa ta ajiye masa tuwo, yanzu zai shigo. Mahaifiyar nan tasa ta rasu tun kafin ya zo Doha, shi ya faɗa mini da bakinsa.

Ko ɗalibin likita ya san ma'anar wannan. Koci na tsaye a kaina yana tafa hannu yana yalla yalla, wato maza maza da Larabci, yana tambayata me ya ce. Ban yi dogon tunani ba, wallahi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na ce wa koci wai ya ce lafiyarsa ƙalau, yana so ya koma. Na ɗinke girar, na naɗa masa bandeji, na rubuta a takardar alƙalin wasa cewa yanka ne kawai. Koci ya dafa kafaɗata ya ce ni ne irin likitan da ake nema. Na ji daɗin maganar, kaico. Mutumina ya koma fili, muka ci wasan.

A makonni biyun nan mutumina ya kira ni sau uku. Ya ce kansa na sara, hasken rana na damunsa, in ya hau injin sai ya ga ƙasa na juyawa. Ya ce bai tuna komai na wasan ba sai yadda ya ga kansa a mota. Na ce gajiya ce, ya sha maganin ciwon kai ya yawaita ruwa. Na san in na tura shi a ɗauki hoton kai, tambaya za ta taso a kan abin da na rubuta. Shi kuwa ya ce tunda Yaya Likita ya faɗa, ai magana ta ƙare.

Ranar wasan ƙarshe ko minti ashirin ba a yi ba ya yi karo da wani. Karon ma ba wani mai ƙarfi ba ne, kafaɗa ce ta goge shi, ya durƙusa, ya yi amai, ya kife. A asibiti aka ga jini ya taru a cikin ƙoƙon kansa, aka yi masa aiki. Muna ƙofar ɗakin tiyata wani ya bugo waya yana murna wai mun riƙe kofi. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma hannunsa na dama na rawa, jiri kuma bai bar shi ba. Ba kamfanin da zai ɗora irin wannan mutum a kan injin ɗaga kaya. Kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya soke masa takarda. Ni na kai shi filin jirgi. Ya riƙe hannuna da hannun nan mai rawa yana ta godiya, wai ba don ni ba da ya mutu a ƙasar mutane. Ban iya kallon idonsa ba.

Ba wanda ya tuhume ni, don ban da ni ba wanda ya ji abin da ya faɗa a bakin fili. Na bar ƙungiyar, na ce aiki ya yi mini yawa. Shekara da shekaru duk Sallah sai ya kira ni daga Kumasi, inda yake zaune a rumfar ƙanensa yana tsaron kaya, ya gaishe ni, ya gaishe da iyali. Kowace gaisuwa sai ta hana ni cin naman Sallah da daɗi. Bara dai na ce ya isa. Na faɗa masa duka, tun daga maganar tuwo har abin da na gaya wa koci. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce ya yafe, duniya da lahira, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Amma ya ce yana da tambaya ɗaya, da ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya ya faɗi a filin nan, haka zan fassara? Bai jira amsata ba. Ya ce ba komai Yaya Likita, a gaida yara.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kofi ana ƙwacewa a sake ci, kai kuwa ɗaya ne Allah Ya ba mutum. Iyaye da masu horarwa, ko zari-ruga ne ko ƙwallon ƙafa ko damben gargajiya, in kun ga ɗan wasa ya bugu a ka yana sambatu, ku fitar da shi ko da zai yi fushi, ko da kofin duniya ne a gaba. 'Yan'uwana da ke aiki a ƙasashen waje kuma, duk ranar da aka ce ku fassara maganar wani, ku sani amana ce aka ɗora muku, ku faɗi abin da ya ce ko da ba shi ake son ji ba. Mutumin nan bai ɓoye ciwonsa ba. Ya faɗe shi ƙarara, da harshen da mutum ɗaya tak yake ji a duk filin, kuma mutumin likita ne.